Randar Mahaifina

A makon da ya gabata wutar lantarki ta ɗauke mana kwana huɗu a jere, a tsakiyar zafin bazara, har firjin da 'ya'yana suka saya mini ya koma akwatin ajiye kwanuka. Matar ɗana, wadda take kula da ni tun rasuwar maiɗakina, ta tafi kasuwar Zuru ta dawo da sabuwar randa. Ta wanke ta, ta girke ta a inuwar mangwaro, ta cika ta da ruwan rijiya, ta rufe da faifai. Da la'asar ta miƙo mini moɗa. Ban kai ga kurɓa ba ƙanshin ya tarye ni, ƙanshin yumɓun da ya sha wuta sannan ya haɗu da ruwa karo na farko. Mai karatu, in ka taɓa shan ruwan sabuwar randa ka san abin da nake nufi. In kuwa ba ka taɓa ba, babu bayanin da zan yi ya ishe ka, duk da shekara talatin da biyar da na yi a gaban allo ina yi wa yara bayani. Na daɗe riƙe da moɗar nan ban sha ba, domin ƙanshin ya mayar da ni shekara sittin baya, ya tsayar da ni a gaban kakata.

Kakata, mahaifiyar mahaifina, maginiya ce. Mata da yawa a ƙauyenmu sun iya gina tulu da tukunyar miya, amma ita an san ta da wani gini dabam, wanda ba kowane gida ne ya gaje shi ba, wato tukunyar kabari. A cikin duwatsunmu a wancan zamani, in mutumin kirki ya rasu, manomin da ya cika rumbuna, ko ɗan kokawar da bayansa bai taɓa ƙasa ba, ko maharbi, sai a kewaye makwancinsa da duwatsu, a ɗora masa tukunya a kai, mai ɗauke da siffar abin da aka san shi da shi. Kowace shekara bayan girbi, iyalinsa su zo su cire ciyawa, su zuba masa ɗan abin sha, su kira sunansa. A nan ake kawo yaro a nuna masa, a ce ga inda ubanka yake. Wanda ba shi da irin wannan wuri, a ganin mutanenmu na dā, ɓatacce ne, ba ya cikin masu rai, bai kuma isa wurin kakanni ba.

Gajeruwa ce, mai kaurin damtse, ba ta da yawan magana. In aka zo neman tukunya ba ta fara taɓa yumɓu sai ta zaunar da masu makoki ta yi musu tambayoyi: yaya mamacin yake tafiya, da wane hannu yake riƙe garma, yana da saurin fushi ko kuwa. Kowane abin da ta gina, tana danna babban yatsanta sau uku a ƙarƙashin bakinsa tun yana ɗanye. Ni kaɗai take yi wa wasa a gidan. Tana kirana maigidanta, tana cewa ta gaji da auren mijin da ba ya noma sai cin tuwo.

Mahaifina shi ne ɗanta na biyu. Ya yi golmo shekara bakwai cur, wato noman da saurayi yake yi wa gidan surukansa kafin a ba shi mata, kuma har yau tsofaffin da suka rage suna ba da labarin kunyoyinsa. A kokawa ma ba baya ba ne. Shi da mahaifiyata suna cikin mutanen farko da suka bi Almasihu a ƙauyenmu. Kakata ba ta bi su ba, ba ta kuma hana su ba. Ta ce mutumin da ya gama golmo ya isa ya zaɓi inda zai durƙusa. Daga baya, kamar samarin ƙasarmu masu yawa, ya shiga soja, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa babban yaƙin nan na ƙasar Bama. Ina ɗan shekara huɗu ya tafi. Abin da na riƙe nasa shi ne tsawonsa, da yadda duniya take faɗi in ya ɗora ni a wuyansa.

Ina ɗan shekara takwas labari ya iso. An gama yankan dawa ke nan, sai ga wani soja mutumin Manga ya yi sallama, rame, idanunsa jawur. Ya ajiye bargo naɗaɗɗe a gaban baffana, yayan mahaifina, wanda shi ne babba a gidan. Ya ce zazzaɓi ne ya kashe mahaifina a cikin wani kurmi, bayan sun ƙetare wani kogi da bai san sunansa ba. Sun tona rami da gaggawa sun rufe shi, aka busa musu tafiya. Mata suka fashe da kuka. Kakata ba ta yi kuka ba. Ta matso kusa da sojan ta tambaye shi da yarenmu, wani kuma yana juya masa abin da bai gane ba: akwai dutse a wurin? Akwai wata itaciya da za a gane? In aka ba shi guzuri zai iya komawa ya nuna? Sojan ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ko ni da na riƙe shebur ɗin, wallahi ba zan gane wurin ba. Kurmin nan kwana uku ya isa ya haɗiye hanya."

Tun daga ranar kakata ta canza. Ta daina ɗan waƙe-waƙen da take yi in tana cuɗa yumɓu. Tuwonta yakan kwana a ƙwarya. Ta daina kirana maigidanta, wannan kuwa ya fi komai ba ni tsoro. Wata rana na ji tana gaya wa mahaifiyata, a bakin turmi, cewa ta san makwancin kowa a ƙauyuka biyar, ta san wanda yake fuskantar gabas da wanda aka binne kusa da uwarsa, amma ba ta san na ɗanta ba. Ta ce ba mutuwarsa ce take hana ta cin abinci ba, domin kowa mai mutuwa ne. Abin da yake cinta shi ne babu wanda ya san inda yake, babu mai zuwa ya kira sunansa, kuma wa zai nemo shi?

Baffana mutum ne mai riƙon al'ada, mai kishin gida, kuma ban taɓa ganin laifinsa a wannan magana ba. Ya shawarci dattawa, suka yanke cewa kafin ruwan farko ya sauka za a binne bargon a makabartar gidanmu, a kewaye da duwatsu, kakata ta ɗora tukunya, domin kada a ce gwarzon manomi irin ƙanensa ya tafi kamar kaza. Kakata ta amsa. Ta je ta haƙo yumɓu mafi kyau daga bakin rafi, ta tsince tsakuwarsa da hannunta, ta jiƙa shi, ta cuɗa. Kwana shida tana gini. Na ga tukunyar nan da idona, ban kuma taɓa ganin wadda ta kai ta kyau ba. A rana ta bakwai da safe, kafin ta bushe, sai ta sa hannu biyu ta murƙushe ta, ta mayar da ita cikin kwatarniya ta zuba ruwa. Bayan mako biyu ta sake ginawa, ta sake rushewa.

Baffana ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. "Inna, lokaci yana tafiya. Me ya sami tukunyar?"

"Babu abin da ya same ta."

"To, don me?"

"Shekara arba'in ina gina wa mutane," in ji ta. "Ban taɓa gina wa bargo ba. In na ɗora ta a can, kai za ka yarda, dattawa za su yarda. Ni da na haife shi na san ba ya ciki."

Haka aka shiga bazara. Ɗorawa ta nuna, rana tana dukan duwatsu har su yi ta huci bayan magariba, rijiyoyi suka ja baya. Masu bi a ƙauyenmu a lokacin ba su wuce gida shida ba, majami'arsu kuwa rumfar zana ce. A ranar Ista, bikin tashin Almasihu, sukan hau wani faffaɗan dutse da yake bayan gari tun da sassafe, su yi sujada rana tana fitowa. A jajibirin ranar mahaifiyata ta sanar da kakata, bisa ladabi, cewa za mu fita da wuri. Ba gayyata ba ce, domin ba ta taɓa zuwa ba. Sai kakata ta ce, "Zan bi ku. Allahn nan naku shi ɗana ya bi har ya ƙetare ruwa. Zan je in tambayi malaminku inda ya ajiye mini shi."

Mahaifiyata ta tsorata, amma matar ɗa ba ta da bakin hana uwar miji.

Mai bisharar da yake koyar da mu mutumin wajen Danko ne, siriri, mai tawali'u, wanda ya koyi karatu da girmansa. Yakan karanta Maganar Allah da Hausa a hankali, yatsansa yana bin layi, sannan ya bayyana da yarenmu. Ran nan ya ba da labarin matan da suka yi sammako zuwa kabarin Almasihu. Ya ce sun haɗa man ƙanshi domin su gyara jikinsa yadda ake yi wa mamaci, suna tafe suna damuwar wanda zai kawar musu da dutsen bakin kabarin. Da suka isa suka tarar an riga an kawar, jikin kuma ba ya nan, aka gaya musu ya tashi. Kakata tana zaune can gefe a kan wani dutse, ta miƙe ƙafafu, ba ta rera waƙa ba, ba ta rufe ido a addu'a ba. Amma da aka zo kan matan nan sai na ga ta gyara zama.

"Malam," ta katse shi, "man fa?"

Ya ɗaga kai. "Wane mai, Inna?"

"Man da suka ɗauko. Sun zo da kayan aikinsu, babu gawa. Me suka yi da shi?"

Wasu samari suka fara dariya, wani dattijo ya harare su. Mai bishara ya duba takardarsa, ya juya gaba, ya juya baya. Abin da ya sa nake girmama mutumin nan har gobe shi ne bai ƙirƙiro amsa ba. Ya ce, "Inna, ba a gaya mana ba."

"Ai dole," in ji ta. "Maza ne suka ba da labarin. Mace ba za ta wahala ta haɗa mai ta zubar a ƙasa ba. Da akwai mai kaushi a gida, da akwai jariri."

Wannan karon har dattijon ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dube shi ido cikin ido ta yi tambayar da ta kawo ta. "Shi wannan, an san kabarinsa, ga dutse, ga masu zuwa. Nawa fa? Yana cikin kurmin da ko mai shebur bai san shi ba. Ran da za a tashi matattun da kuke faɗa, wa zai nuna wurin?"

Mahaifiyata ta rufe fuska da gefen zanenta. Mai bishara ya rufe takardarsa, ya tako ya tsuguna a gabanta kamar ɗa.

"Inna, ni ban san wurin ba. Sojan bai sani ba, Baturen da ya kai su ma bai sani ba. Amma bari in tambaye ki. In tulun da kika gina ya tafi wani gari ya fashe, aka kawo miki tsingaronsa a cikin na wasu, za ki gane naki?"

Ta yi masa kallon wanda ya yi tambayar yara. "Ko a jujin kasuwar Danko na gan shi, na san hannuna."

"To, wa ya gina ɗanki a cikinki, ke kanki ba ki ga yadda aka yi ba?"

Ta buɗe tafin hannunta ta duba. Rana ta riga ta fito, ta haska gonakin da aka share ana jiran ruwa. Aka yi waƙar rufewa, aka yi addu'a, mutane suka fara gangarawa, ita tana nan zaune tana kallon tafin hannunta. Da muka kai rabin gangaren sai ta dafa kaina ta ce, "Maigida, yi a hankali, kada ka faɗi ka bar ni gwauruwa." Wata huɗu rabona da jin wannan suna. Da muka isa gida ta ce a ɗumama mata tuwon jiya.

Kashegari ta buɗe kwatarniyar, ta fito da yumɓun nan da aka gina sau biyu aka rushe. Ta ƙara masa wani, ta fara gini, amma tun daga gindin kowa ya ga ba tukunyar kabari ba ce. Randa ce, babba, wadda yaro kamata zai iya ɓuya a ciki. A kafaɗarta ta ɗora siffar ƙaramar garma, irin wadda da za ta sa wa mahaifina, ta danna yatsanta sau uku a ƙarƙashin baki. Da ta bushe ta gasa ta ita kaɗai da kara da kashin shanu, ta fito ja, in ka ƙwanƙwasa tana amsawa kamar ƙarfe. Ta sa aka kai ta gindin tsamiyar da take ƙofar gidanmu, a bakin hanyar da masu zuwa kasuwa da masu dawowa daga gona suke bi.

Baffana ya fito ya tsaya a kanta, ransa a ɓace ƙwarai.

"Inna, yumɓun ƙanena ne kika yi wa 'yan hanya randa? Me zan gaya wa dattawa?"

"Ka gaya musu ni na yi."

"Yaron nan fa?" Ya nuna ni. "In ya girma, ina zai tsaya ya ce nan ubansa yake?"

"Ubansa yana hannun wanda ya gina shi, shi ya san wurin," in ji ta. "Ni aikina ya rage a hannuna babu gawa, ba zan zubar ba. Yaro ya tsaya a nan. Duk wanda ya sha ya tambaya ta wa ce, yaron ya faɗi sunan ubansa. Kai sau ɗaya a shekara za ka kira shi. Nan kullum za a kira."

Ba a binne bargon ba. Ni aka ba, na rufa da shi har na shiga makarantar kwana. Mahaifiyata ce take cika randar kowace safiya, a lokacin da tulu ɗaya na ruwa tafiya ce mai nisa. Fatake suka sha, Fulani masu tallan nono suka sha, Musulmi masu wucewa suka ɗiba suka yi alwala, sojojin da suke dawowa gida da akwatunansu a ka suka sha. Baffana kuwa shekara guda yana wuce ta kamar ba ya ganinta. In ƙishi ya kama shi sai ya shiga cikin gida ya nema. Sai a bazarar da ta biyo, wata rana da azahar, ya dawo daga sassabe jikinsa duk gumi, ya tsaya a gindin tsamiyar. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗaga faifan, ya cika moɗa, ya shanye, ya ƙara. Ya shafa garmar nan da yatsa. Kakata tana zaune a ƙofar gida tana tsinkar zogale, ba ta ɗaga kai ba. Ya ce, "Ruwan da sanyi, Inna." Ta ce, "Da ma." Ba su ƙara tayar da maganar ba har suka bar duniya.

Kada in ƙara wa labarin abin da babu. Kakata ba ta zama mai bi a ranar nan ba. Sai da ta shekara huɗu tana hawa dutsen tana yi wa mai bishara tambayoyin da suke sa shi gumi, kafin ta karɓi baftisma. Ba ta iya karatu ba har ta rasu. Amma ban san wani malamin tauhidi da ya fi ta gane tashin matattu ba, ni kuwa na zauna a gaban masana da yawa. Ta gane cewa ba kabari ne yake riƙe da mutum ba, ba kuma tunawar masu rai ba, sai Mahaliccinsa. Ban san dalilin da ya sa Allah ya bar mahaifina ya kwanta a baƙon kurmi ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta sani ba. Abin da ta samu shi ne ta daina neman wurin, ta mayar da hannunta ga masu ƙishi.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa ƙanshin nan ya girgiza ni. Shekara biyu ke nan da na binne maiɗakina. Zamani ya canza, babu sauran mai gina tukunyar kabari a ƙauyenmu, siminti da tayil sun karɓi aikin. Na yi mata kabari mai kyau, daidai da matsayinta. Amma tun daga lokacin ban sami kwanciyar rai ba. Kusan kullum ina makabarta, ina duba inda siminti ya tsage, ina faɗa da masu akuya, ina aunawa da sandata ko wurin da na keɓe wa kaina a gefenta yana nan. Har na rubuta abin da za a zana a nawa, da dukan muƙaman da na riƙe, na gyara shi sau uku. Ni da nake tsayawa a majami'a kowace Ista ina shaida cewa kabarin Ubangiji babu kowa a ciki, sai ga shi na mayar da zuciyata mai gadin kabari. Na san ainihin inda matata take kwance, taku nawa ne daga ƙofa, amma ban kai tsohuwar da ba ta san ko a wace ƙasa ɗanta yake ba samun salama.

Randar mahaifina ta fashe shekarar da na tafi kwalejin horon malamai, wani jaki ne ya ture ta. Na tsinci ɓangaren da yake da garmar da shaidar yatsa uku, yana cikin akwatina tare da takardun shaidar karatuna. Ran nan da na sha ruwan, na fito da shi na sa babban yatsana a gurbin nata. Har yanzu nata ya fi nawa faɗi.

An dawo da wuta, firji ya ci gaba da aikinsa. Na ce wa matar ɗana kada ta shigar da randar ɗakin ajiya, a fitar da ita ƙofar gida, bakin titi. Ta ce, "Baba, yanzu ai kowa ruwan leda yake saye, wa zai sha?" Na ce a dai fitar. Takardar muƙaman nan kuma na ba babban ɗana, na ce in lokaci ya yi suna kaɗai ya isa, wanda zai neme ni ba ya bukatar karanta allo. Makabarta zan riƙa zuwa bayan girbi in cire ciyawa, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Jiya da tsakar rana ina zaune a kujerata a ƙofar gida, wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya kashe babur, ya gaishe ni. Ya ɗaga faifan, ya sha moɗa biyu, ya zuba sauran a kansa.

"Baba, ruwan da sanyi. Randar wa ce?"

Na gyara zama, na gaya masa sunan mahaifina, na kuma ƙara da na maiɗakina.